Bishiyar fure a tsakar gida: in dasa filamboyan ko in haƙura?

Uwargida, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara na zo nema wajen waɗanda suka san harkar itatuwa.

Bara muka tare a gidanmu. Filin ƙafa 50 ne da 75, gini ya cinye mafi yawansa, tsakar gidan da ta rage ba ta fi taku goma sha biyu a tsawo da takwas a faɗi ba, kuma duk an malale ta da siminti. Bazarar da ta wuce mun ɗanɗana kuɗarmu. Da azahar yaro ba ya iya taka ƙasa babu takalmi, da daddare kuma bango ya dinga dawo mana da zafin da ya sha tun safe. Ko tsuntsu ba ya sauka a gidan.

To ni akwai bishiyar da take raina tun ina makarantar kwana. Masu sayar da fulawa suna ce mata filamboyan. Ganyenta ƙanana kamar na ɗorawa, kanta a baje kamar lema. Idan zafi ya kai maƙura, dab da saukar ruwan fari, sai ta rufe da jan fure jawur, ƙarƙashinta ya koma kamar an shimfiɗa darduma. 'Ya'yanta dogaye kamar takobi, muna kaɗa su suna kacau-kacau. A inuwarta muke bitar karatu. Maigida ya yarda a fasa simintin a tsakiya a dasa ta, amma maginin da ya yi mana aiki ya ce kada mu kuskura. Zuciyata ba ta kwanta da maganarsa ba, shi ya sa na kawo nan. Wa ya taɓa dasa ta a cikin gida?

Magini daga Kurna

Wa alaikumus salam Hajiya. Abokin sana'ata gaskiya ya gaya miki. Ni da hannuna na gyara ɓarnar bishiyar nan. An kira ni wani gida, katanga ta tsage tun daga harsashi har sama, kana iya zira yatsu uku a tsagar. Daɓen tsakar gida ya yi tozo kamar na raƙumi. Da muka buɗe bututun da yake kai ruwa sokawe, saiwa muka tarar ta cushe shi kamar an tura tsintsiya. Kuma bishiyar ba ta fi taku huɗu daga bango ba. Ƙarshe dai sare ta aka yi, ga kuɗin gyara, ga asarar shekarun da aka yi ana renonta. A tsakar gida mai faɗin taku takwas, duk inda kika sa ta tana kusa da wani bangon.

Hajiya, Nasarawa

Haba Malam, kada ka kashe mata gwiwa. Guda biyu ne a gidanmu, mun same su a nan, sun fi shekara talatin, ba su taɓa fasa mana komai ba. Duk watan Afrilu zuwa Mayu masu wucewa har tsayawa suke suna ɗaukar hoto ta saman katanga. 'Yar uwa, dasa abinki.

Magini daga Kurna

Hajiya ranki ya daɗe, taku nawa ne tsakanin bishiyoyin da ginin gidan?

Hajiya, Nasarawa

Da nisa kam. Za su kai taku ashirin ko fiye. Kuma ƙasa ce a wajen, babu siminti.

Magini daga Kurna

To kin gani. Gidajen Nasarawa na da can fili aka bar musu. Nata gidan duka-duka bai kai farfajiyarku ba.

Tsohon Malamin Daji

Salamu alaikum. Na yi aikin gandun daji har na ajiye, bari in sa baki, ku yi haƙuri da tsawon magana.

Bishiyar da 'yata take nufi, a littafi sunanta Delonix regia. Asalinta daga tsibirin Madagaska take, daga can aka yaɗa ta ƙasashe masu zafi saboda kyan furenta. Tana son yanayinmu ƙwarai, don sai ta sha rani mai tsawo ta kaɗe ganye sannan take yin fure sosai. A inda ake ruwa duk shekara ba ta cika yin jan da take yi mana a nan ba. Tsawonta yakan kai mita 10 ko ya ɗan ɗara, amma abin lura shi ne faɗin kanta sau da yawa ya fi tsawonta. Kuma saiwarta ba ta nutsawa can ƙasa, a sama-sama take bazuwa, har ka gan ta ta fito fili kamar jijiyar hannu. Abin da Malam magini ya gani ke nan. Ba mugunta ba ce, haka aka halicce ta. Idan ka rufe ƙasa da siminti, danshi yana taruwa a ƙarƙashinsa, saiwa kuma danshi take bi. Tana kauri shekara bayan shekara, sai ta ɗaga abin da ke kanta.

Ni ba na ba wa kowa shawarar ya dasa ta ƙasa da mita 6 daga bango, ko rijiya, ko ramin masai, kuma in an samu fiye da haka ya fi. Ki auna tsakar gidanki da wannan, za ki ga babu wurin.

Akwai abu biyu kuma da masoyanta ba sa faɗa. Na ɗaya, a tsakiyar rani tsirara take zama. Watan Fabrairu da Maris, lokacin da rana ta fara gasa mutane, ganyenta kaɗan ne, wato inuwar da kike nema ba lallai ki same ta a lokacin da kika fi buƙata ba. Na biyu, itacenta ba shi da ƙwari. Iskar hadarin farkon damina takan karya mata reshe, gara kuma tana son ta. Reshe ya faɗo a fili ba komai, ya faɗo a kan kwanon ɗakin yara wata magana ce.

Ba ina kushe ta ba ne. A cikin itatuwan ado ban san wadda ta kai ta ɗaukar ido ba. Ki ɗauki fure ɗaya ki duba, kunnuwa biyar ne, huɗu ja, na biyar da ɗigon fari da rawaya kamar an yi masa zane da alƙalami. Amma bishiyar makaranta ce, da asibiti, da bakin babban titi.

Uwargida, Rijiyar Zaki

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na tashi na auna da igiya yanzu, daga tsakiya zuwa bangon kicin bai kai mita 3 ba.

Ɗan Fagge

Ni fa tambayata daban ce. Anti, mene ne amfanin bishiyar da ba a cin komai nata? Ruwan nan saye ake yi a wajen 'yan garuwa. In dai za a fasa siminti a yi ta ban ruwa shekara da shekaru, me zai hana a sa lemon tsami, ko gwaiba, ko zogale? Hadisin da muka sani cewa ya yi duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Fure wa zai ci? Wannan harkar masu kuɗi ce da suka ƙoshi.

Malama 'yar Gwale

Ɗan uwa, hadisin da ka kawo shi ne ya ba ka amsa. Tsuntsu yana ciki. Ka taɓa tsayawa ƙarƙashin bishiya mai fure da hantsi? Ƙudan zuma da ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki, duk a nan suke kalaci. Sannan wani hadisin ya ce Allah kyakkyawa ne, yana son kyau. Matar da take wuni a cikin gida tsakanin bango huɗu, daga kicin sai ɗaki, in ta ɗaga ido ta ga abin da zai sanyaya mata rai, wannan ba almubazzaranci ba ne. Kakanninmu da ba su da kuɗi suna dasa lalle a bayan ɗaki, ba don ƙunshi kaɗai ba. Wanda ya san ƙamshin furen lalle da yamma ya san abin da nake faɗa.

Ɗan Fagge

Malama na karɓi ta tsuntsu. Amma har yanzu in aka ce in zaɓi ɗaya, lemon tsami zan ɗauka.

Hajiya, Nasarawa

Ka ɗauka mana, ba faɗa ba ne. Sai dai ka tambayi masu mangwaro a gida yadda suke kwashewa da jifan yara daga waje.

Mai Fulawa

Ni sana'ata ke nan, a bakin titi nake da lambun sayar da dashe. Hajiya, da wajena kika zo kika gaya min girman gidan, firanjifani zan nuna miki. Wataƙila kin san ta ba ki san sunan ba: rassanta masu kauri kamar yatsu, ganye dogo mai faɗi, fure fari da rawaya a tsakiya, akwai kuma mai ruwan hoda da ja. Ƙamshinta da daddare ya fi tashi, idan kuna shan iska a tsakar gida bayan isha'i za ki ji shi. Ba ta saurin girma, ba ta zama ƙatuwa, saiwarta kuma ba ta da rigima irin ta filamboyan.

Ba ma sai kin saya ba in kin san mai ita. A yanko miki reshe kamar kamu ɗaya ko fiye, ki cire ganyen, ki jingine shi a inuwa mako ɗaya zuwa biyu har bakin yankan ya bushe, sannan ki kafa shi a ƙasa mai yashi. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su dasa shi ɗanye su yi ta ɗura masa ruwa, sai ya ruɓe daga ƙasa, ka taɓa ka ji ya yi laushi kamar ayaba. Ita ƙishirwa ba ta kashe ta, yawan ruwa ne yake kashe ta.

Wanda kuma zai sayi dashe a leda, kowace irin bishiya ce, kada ya ruɗu da tsawo. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda ta kama ƙasa, ko ta nannaɗe a ciki kamar gammo, wannan ya daɗe a leda, ko an dasa shi zai yi ta zama wuri ɗaya. Gara gajere mai kaurin gindi.

Uwargida, Rijiyar Zaki

Na san ta! Akwai ta a gidan yayar maigida a Gyaɗi-Gyaɗi. Amma Malam, na ga da hunturu ita ma babu ganye ko ɗaya.

Mai Fulawa

Haka ne, tana zubarwa da sanyi. Zafi na shigowa take fara fure, ganye ya biyo baya. Inuwarta ba ta kai ta darbejiya ba, wannan ba zan ɓoye miki ba.

Tsohon Malamin Daji

Shawarar Mai Fulawa ta yi daidai da gidan. Firanjifani daga yankin Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka ta fito, ta saba da rani.

Amma ku bar ni in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Duk itacen da aka ambata a nan baƙo ne. Filamboyan baƙuwa, firanjifani baƙuwa, bishiyar satalayit ɗin da ta cika sababbin unguwanni ita ma daga Madagaska, dogayen nan masu kama da mashi da ake jerawa a jikin katanga daga Indiya. Hatta darbejiya da muke gani kamar tamu, 'yar Indiya ce, a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Ba laifi ba ne, sun yi mana amfani. Sai dai a dajinmu akwai masu furen da ba su gaza waɗannan ba, kuma babu mai dasa su.

Ku ɗauki marga, wadda wasu ke ce wa gama-faɗa. A ƙarshen rani, daji ya bushe ƙurmus, sai ka hango ta daga nesa ta saki fure rawaya zara-zara yana reto kamar an rataya mata sarƙoƙin zinare. Ba mai ba ta ruwa, ba mai yi mata taki. Mu abin da muka sani game da ita kawai saiwarta maganin ciki ce, don haka ake ta tone ta har tana ƙarewa a kusa da gari. Ga minjirya mai jan fure kamar garwashi, wadda reshe kawai ake kafawa ya kama, manoma suna shinge da ita. Ga sansami, da rani ta lulluɓe da fure mai ruwan hoda, ba ganye ko ɗaya, ka rantse daga wata ƙasa aka kawo ta. Ga gurjiya da take jan fure da hunturu, wadda Tibi a Binuwai suke miya da ƙoƙon furenta. Ita gurjiya babba ce, ba ta cikin gida ba ce, amma sansami da minjirya ba su da girman da zai tsorata mutum.

Na sha zagaya masu sayar da dashe ina tambayar marga, sai a ce babu mai nema.

Mai Fulawa

Baba gaskiya ne, ba ma ajiyewa. Abin da ake tambaya shi muke renowa. Amma in za a samo min iri, zan gwada.

Tsohon Malamin Daji

Zan samo maka in sha Allahu. Irin yana cikin doguwar ɓawo baƙa mai kama da sanda. Fatarsa tauri gare ta, kamar na filamboyan. In ka shuka haka nan zai iya yin watanni bai tsiro ba. Ko dai ka ɗan kankare gefen ƙwayar da abin yankan farce, ɓangaren da ba na idon ba, ko ka tafasa ruwa ka sauke, ka zuba irin a ciki ya kwana. Wanda ya kumbura da safe shi za ka shuka.

Ɗalibi, Kabuga

Maganar Baba ta sa na tuna wani abu. Ku duba sunayen unguwanninmu: Kurna, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Rijiyar Lemo. Garin nan da itatuwa ake kwatance a cikinsa. Yanzu ka shiga sabuwar unguwa ka yi tafiyar minti goma ba ka samu inda za ka tsaya ka huta ba. Kowa ya gina filinsa har bakin kwata, ragowar ya sa intalok. Manyan maɗatan da suke bakin tsofaffin tituna ma wasu ne suka dasa ba don kansu ba, mu ga shi muna sarewa.

Maman 'Yan Biyu, Sheka

Ni tsorona daban ne. Surukata ta hana mu dasa komai, ta ce bishiya a cikin gida tana jawo macizai da sauro, har da mutanen ɓoye. Don Allah akwai gaskiya a ciki?

Malama 'yar Gwale

Maman 'Yan Biyu, maganar mutanen ɓoye tsamiya da kuka aka fi jingina wa, kuma gidajen malamai nawa ne a cikin gari da durumi ko ceɗiya a ƙofarsu, almajirai suna karatu a ƙarƙashi? Azkar ɗin safe da yamma shi ne tsari, da bishiya ko babu. Ki bi Mama a hankali, kada ki yi musu da ita. In ta ga ƙaramar tukunyar fure a gefe ta saba da ita, sauran mai sauƙi ne.

Ma'aikaciyar Jinya, Tarauni

Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ba a ganye ba. Kwata da tsohuwar taya da gwangwani su ne gidansa. Yakan laɓe a duhuwar ganye da rana, shi ya sa ake rage rassan ƙasa iska ta dinga ratsawa. Maciji kuma tarkace da ɓera yake bi.

Abin da ni nake so iyaye su kula da shi shi ne guba. Akwai fulawar da ake yawan dasawa a gidaje da makarantu, oliyanda, mai siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, da 'yar uwarta mai rawayan fure kamar ƙararrawa da 'ya'ya masu kusurwa. Duk jikinsu guba ne mai taɓa zuciya, ƙwallon mai rawayan nan yaro ya tauna yana iya rasa ransa. Fulawar kariya ma da ake dasawa a tukunyar fure guba ce. Jajayen 'ya'yan minjirya kada a bar yara su sa a baki. Firanjifani ba ta kai waɗannan ba, amma farin ruwan da take fitarwa idan an karya reshe yana ƙona ido da fata. Mai ƙananan yara ta san abin da ta dasa, kuma in yaro ya ci, a tafi asibiti nan take da reshen a hannu, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Uwargida, Rijiyar Zaki

Subhanallah. Anti na gode, autana shekararsa biyu, komai ya samu baki yake kaiwa.

Ma'aikaciyar Jinya, Tarauni

Ki kewaye ta da waya har ta fi ƙarfin hannunsa, ki dinga share furen da ya zubo. Shi ke nan.

'Yar Haya, Hotoro

Mu da muke gidan haya fa? Mai gida ba zai bari a fasa masa daɓe ba.

Mai Fulawa

Rabin duro. A huda ƙasansa wuri biyar ko shida, a zuba tsakuwa kaɗan, sai ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Firanjifani tana zama a ciki shekaru, buganbiliya, fulawar nan mai ƙaya da take hawa katanga, ma haka, ita har ta fi yin fure in saiwarta ta matsu kuma ba a cika mata ruwa ba. Ranar tashi a ɗora a mota a tafi da ita. A ɗora duron a kan bulo don kada zafin siminti ya dafa saiwar.

Uwargida, Rijiyar Zaki

To Baba Malamin Daji, in na tsaya a kan firanjifani, yaya za a yi ramin, kuma yaushe? Ni ban taɓa dasa ko barkono ba.

Tsohon Malamin Daji

Ki jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Kada ruwan farko ya ruɗe ki, a Kano yakan sauka ya ɗauke mako biyu ko uku. Wanda aka dasa a Yuli yana da ruwan Agusta da Satumba kyauta, kafin iskar hunturu ta zo ya kama ƙasa.

A fasa simintin da faɗi, aƙalla mita ɗaya kowane gefe, kada a yi ɗan rami kamar bakin tukunya. Saiwa tana numfashi. A haƙa ƙafa biyu a faɗi, ƙafa biyu a zurfi. Sababbin gidaje ƙarƙashinsu cike yake da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da buhunan da magina suka binne, a kwashe su tas. In an ci karo da marmara a fasa ta da diga, in ba haka ba ramin zai riƙe ruwa kamar kwano. Ƙasar sama a ware ta gefe, a gauraya da takin shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi ba ya wari, kashi ɗaya taki, kashi biyu ko uku ƙasa. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake yi. Tun yanzu za a iya haƙa ramin a cike shi, ruwan farko ya kwantar da ƙasar.

Ranar dashe da yamma za a yi. A yanke ledar a cire ta, mutane da yawa da ita suke binnewa. Kada a nutsar da gindin fiye da inda ƙasar leda ta tsaya. Ki zaɓi inda rana take kaiwa rabin wuni ko fiye, don mai fure in ba ta sha rana ba ganye kawai za ta yi ta yi. Haka in aka cika mata takin zamani mai sa ganye, irin yuriya, za ta yi kore shar babu fure.

Magini daga Kurna

In ƙara a kan ta Baba: a tambayi wanda ya yi aikin famfo inda bututu ya bi kafin a sa diga. Kuma a matsa daga katangar maƙwabci. Na ga zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan ganyen da yake zuba a gidan wani, har sai da mai unguwa ya shiga. Reshen da ya haura katanga kuma tsani ne, ga yara masu leƙe, ga ɓarawo.

Ɗan Fagge

Har yanzu ba a amsa min maganar ruwa ba. Wata takwas fa babu ruwan sama.

Malama 'yar Gwale

Ruwan alwala. Mutum nawa ne a gidanku, sau biyar a rana? Mahaifina a gindin bishiyarsa ya ajiye dutsen alwala, bai taɓa sayen jarka ɗaya dominta ba. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ma duk can muke juyewa. Na omo da na bilic ne kawai ba a zubawa.

Tsohon Malamin Daji

Malama ta gama magana. Abin da zan ƙara, ga yawancin itatuwa gara a ba su ruwa mai yawa sau biyu a mako da a dinga yayyafa musu kullum. Yayyafi a sama yake tsayawa, saiwa ta biyo shi sama. Akwai kuma dabarar tulu: ki samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ki binne shi kusa da dashen har wuya, ki cika shi da ruwa ki rufe bakin. Yana tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shanye shi. A rufe gindin da busasshen ganye, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara. In kin ga gara ta fara gini a jiki, ki kankare, ki barbaɗa toka, ki duba ko akwai guntun katako da aka binne a kusa. Dashen da ƙishirwa ta galabaitar shi gara ta fi kamawa. Bayan shekara biyu, wahalar ta ragu sosai.

Hajiya, Nasarawa

'Yar uwa, ni dai har yanzu ina jin tausayin burinki na filamboyan. Bishiyoyina cike suke da 'ya'ya. In kina so in aiko miki.

Uwargida, Rijiyar Zaki

Hajiya ina so, Allah ya saka da alheri. Wani tunani ya zo min. Islamiyyar da yarana suke zuwa tana da fili babba, ko itace ɗaya babu, yara a rana suke cin abincin tara. Zan yi wa shugaban makarantar magana.

Tsohon Malamin Daji

Nan ne wurinta. Ki gaya musu daga iri takan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin ta yi furen fari, kada su gaji su ce juya ce. Kuma a kewaye ta da bulo ko waya tun ranar farko, akuya ɗaya ta isa ta gama da ita cikin minti biyu.

Uwargida, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana biyu. An fasa simintin, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, baro biyu na ɓaraguzai aka kwashe daga ramin, har da tsohon takalmin roba. Yayar maigida ta yanko min reshen firanjifani mai kai uku, ya yi kwana goma sha biyu a jingine a bayan ƙofa, ranar Asabar bayan la'asar muka kafa shi. An zagaye da waya saboda auta, an kawo dutsen alwala kusa amma ba dab da gindin ba, don Mai Fulawa ya ce ba ta son jiƙa.

Irin Hajiya guda goma na jiƙa a ruwan zafi, bakwai suka kumbura, biyar sun tsiro a ledojin fiya wata. Shugaban Islamiyya ya ba da wuri biyu a tsakiyar fili, nesa da azuzuwa, ya ce 'yan aji shida za su karɓi ban ruwa. Saura uku. Wanda yake da fili, makaranta ko masallaci, ya yi magana.

Magini daga Kurna

A ajiye min ɗaya. Akwai filin makarantar firamare a bayan layinmu, bulon kewayewa kuma ni zan kawo.

Mai Fulawa

Baba Malamin Daji, irin margar da ka aiko ya iso. Na kankare ashirin na shuka jiya. In sun fito, ta farko ta Ɗan Fagge ce, kyauta, ya dasa kusa da lemon tsaminsa.

Ɗan Fagge

Na karɓa Malam, na gode. Sai dai gidanmu ma ƙarami ne. Baba, taku nawa zan bari tsakaninta da bango?